Edna Buchanan ta bar jarida ta koma ƙagaggun labarai: ci gaba ne ko asara?

Zulai Makaranciya:
Assalamu alaikum. Ina da magana a kan matar nan Edna Buchanan, kuma na san masu son littattafanta ba za su ji daɗi ba. Shekara 18 ta yi a jaridar Miami Herald, mafi yawansu tana bin labaran 'yan sanda. An ce ta ɗauko labarin mutuwar mutum sama da 5,000, kusan 3,000 daga ciki kisan kai ne. A 1986 aka ba ta lambar yabo ta Pulitzer. Bayan shekara biyu ta ajiye aikin, ta koma rubuta ƙagaggun labaran kisa da bincike. Na karanta littafin da ta ba da tarihin aikinta, The Corpse Had a Familiar Face na 1987, na kuma karanta biyu cikin ƙagaggun. Ni dai a ganina asara aka yi. Marubuta irin waɗannan labaran sun yi yawa a Amurka, ko ba ita za a samu. Amma mai tashi tsakar dare ta je inda aka yar da gawar wanda ba kowa ba, ta dage sai an buga sunansa a jarida, irinta nawa ne?

Abban Walid:
Wa alaikumus salam. Anti Zulai, ke nan so kike ta mutu a bakin mutuware? Shekara 18 fa kika ce da bakinki.

Zulai Makaranciya:
Ban ce ba ta da haƙƙin hutawa ba. Cewa na yi mu masu karatu ne muka yi asara.

Baba Tsohon Edita:
'Yata Zulai, kafin a yanke hukunci bari a san garin da matar nan ta yi aiki, don ba ƙaramin gari ba ne wajen jini a lokacin.

Ita ba 'yar Miami ba ce. A Paterson ta jihar New Jersey aka haife ta a 1939. Ubanta ya tafi ya bar su tana ƙarama. Kakarta 'yar asalin Polan ce, ba ta iya karanta Turanci ba, don haka jikar ce ke karanta mata jarida da ƙarfi, kuma labaran laifi ne suka fi jan hankalinta. Ba ta da digiri. Ta yi aikin masana'anta, har da haɗa wayoyi a kamfanin kayan tarho. A 1961 suka je hutu Miami Beach ita da mahaifiyarta, garin ya shiga ransu, suka tattara suka koma can. Ta fara a wata ƙaramar jarida ta Miami Beach inda mutum ɗaya ke yin komai, daga labarin biki har na kotu. A 1970 ta shiga Herald, a 1973 ta kama ɓangaren 'yan sanda, lokacin da mace a wannan aikin abin kallo ce.

Sai ga zamanin hodar iblis. A watan Yulin 1979 masu safarar hodar suka buɗe wuta da rana tsaka a rukunin kantunan Dadeland da ke yankin Miami. A 1980 mutum kimanin 125,000 suka tsallako daga tashar Mariel ta Kyuba cikin 'yan watanni. A 1981 an kashe mutum 621 a gundumar Dade kaɗai, wato gundumar da Miami take ciki, gawa ta yi wa mutuware yawa har sai da aka yi hayar babbar mota mai sanyi ana ajiyewa a ciki. A irin wannan yanayi edita zai ce maka, kawo mini kisa mafi girma na yau, sauran a bari. Ita kuwa ba ta yarda akwai ƙaramin kisa ba. Sai ta haɗa su duka cikin labari guda ta yadda in ka cire ɗaya sauran sun rushe. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar edita da ƙarfe goma na dare, shafi ya cika, ya san irin ciwon kan da wakili irin wannan yake jawowa. Ya kuma san ba ya son rasa shi.

Ummi Ɗaliba:
Baba, shi ya sa ake cewa shawarar da take ba sababbin 'yan jarida guda uku ce, kuma duka ukun abu ɗaya ne, kada su amince da edita? 😂

Baba Tsohon Edita:
Haka ta ce, 'yar nan. Mun yafe mata.

Barista Hadi:
Ni inda na rabu da ku daban ne. Ana ta yabon aikinta na jarida kamar wata waliyiya, ni kuwa akwai abin da bai kwanta mini ba. Ku ɗauki shahararriyar jimlar nan da ake koyar da ɗalibai. Wani mutum ya shiga shagon soyayyar kaza cikin dare a buge, ya tsallake layi, aka lallashe shi ya koma baya. Da layi ya zo kansa kaza ta ƙare. Ya ɗaga hannu ya naushi matar da ke sayarwa, mai gadi ya harbe shi. Da za ta buɗe labarin, sai ta rubuta sunansa, ta ce ya mutu da yunwa a cikinsa. Shi ke nan jimlar. Kowa ya ce kai, gwaninta! To amma mutumin nan yana da uwa. Ranar da ta fi kowace baƙi a rayuwarta an mayar da ita abin murmushi ga mai shan kofi da safe. Kuma ita da kanta ta faɗa cewa burinta mai karatu ya furzar da kofin da ke bakinsa ya dafe ƙirji ya kira matarsa ta zo ta gani. Wanda burinsa ke nan, ai tun asali mai ba da labari ne, aikin jarida hanya ce kawai ta biyo. Komawarta ƙagaggen labari ta koma inda ya dace da ita, inda ba uwar kowa da za ta yi kuka.

Zulai Makaranciya:
Barista, da ba ta rubuta jimlar nan ba, layi biyu za a ba shi a can ƙasan shafi, ko ma a ƙi bugawa. Yau shekara kusan 40 ana ambaton sunansa.

Barista Hadi:
Ana ambatonsa a matsayin me? Misali a aji. Wa ya san sana'arsa ko 'ya'yansa nawa?

Maman Hanifa:
Ku yi haƙuri in sa baki, don wannan ya taɓa ni. An kashe yayana a hanyarsa ta dawowa daga aiki. Washegari wata jarida ta buga cewa an tsinci gawar wani mutum. Wani mutum. Ba suna, ba shekaru, ba wanda ya kira mu ya ce wane ne shi. Mahaifiyarmu ta sa aka karanta mata layukan nan sau da yawa, tana jiran ko za a zo inda aka faɗi sunansa. Saboda haka Barista, na fahimci abin da kake nufi, amma wallahi da a ce wani ya buga mana waya a ranar, ko da zagi za mu fara yi masa, daga baya za mu yi magana. Muna da abin faɗa, ba wanda ya tambaya.

Barista Hadi:
Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa. Hajiya, ban yi nufin fama miki ciwo ba.

Abban Walid:
Allah Ya jiƙansa da rahama.

Baba Tsohon Edita:
Allah Ya sa ya huta. Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ainihin hujjar Edna a kan wata ɗabi'arta da aka fi sukarta a kai. In ta kira gidan mamaci aka zage ta aka kife waya, sai ta jira minti ɗaya ta sake kira, ta ce kamar layi ne ya yanke. Dalilinta shi ne a cikin mintin nan wataƙila wanda ya kife ya yi nadama, ko wani a ɗakin ya ce ai da ka bari mun yi magana, ko wani daban ya ɗauka. Ba ta kira na uku, ta ce wannan ya zama takurawa. Tambayoyinta kuma ba irin na rahoton 'yan sanda ba ne. Me yake sanye da shi? Me aka samu a aljihunsa? Me ke kan wuta a kicin? Wane shiri ake yi a talabijin lokacin da abin ya faru? Waɗannan ne ke mayar da "wani mutum" ya zama mutum.

Barista Hadi:
Baba, da girmanka, "layi ne ya yanke" ƙarya ce. Ƙaramar ƙarya ce, amma ga mai makoki aka yi ta.

Baba Tsohon Edita:
Ƙarya ce, ban musa ba. Ni ma ba zan koya wa yaro ita ba. Kira na biyun dai zan koya masa.

Dakta Murtala:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina ganin duk kun tsallake labarin da ya fi bayyana dalilin da zai sa mutum irinta ya gaji da gaskiya tsirara, wato na Arthur McDuffie.

Disamba 1979. Baƙar fata ne, ɗan shekara 33, dillalin inshora, tsohon soja. 'Yan sanda suka bi shi yana kan babur. Bayan kwana huɗu ya rasu a asibiti da fasasshen kai. Rahoton 'yan sanda ya ce haɗari ya yi. Wani ya tsegunta wa Edna cewa ba haka ba ne. Ba ta tsaya a waya ba, ta je har inda aka ajiye babur ɗin ta duba shi da idonta, ta ga irin lalacewar da ya yi ba ta yi kama da ta faɗuwa ba. Daga baya ta tabbata dukansa aka yi, aka kuma lalata babur ɗin da gangan don ya yi kama da haɗari. Rahotonta yana cikin abin da ya hana a binne maganar tare da shi. Aka gurfanar da 'yan sanda, ofishin Janet Reno, wadda daga baya ta zama babbar lauyar gwamnatin Amurka, shi ne ya shigar da ƙarar. Aka mayar da shari'ar birnin Tampa. Ranar 17 ga Mayu 1980 masu taya alƙali yanke hukunci, su shida duka farar fata, suka wanke 'yan sanda huɗu bayan shawarar da ba ta kai awa uku ba. A daren nan Liberty City, unguwar baƙar fata a Miami, ta kama da wuta. Mutum 18 suka mutu.

To ku duba. Ta yi duk abin da ake so ɗan jarida ya yi, ba ta bar komai ba. Sakamakon shi ne ba wanda aka ɗaure, an kuma ƙara gawa 18 waɗanda ita ce dai za ta je ta ɗauko labarinsu. Bayan shekara 12, a 1992, ta fitar da Contents Under Pressure, littafin farko na jerin Britt Montero, 'yar jarida mai bin 'yan sanda a Miami. Me ke ciki? Baƙar fata, tsohon ɗan wasa, ya mutu bayan 'yan sanda sun bi shi, an ce haɗari ne, gari ya hargitse. Anti Zulai, matar nan ba barin labarin ta yi ba. Komawa ta yi kansa da alƙalamin da ba ya jiran izinin lauyan jarida. A jarida ba za ka rubuta abin da ɗan sanda yake ji a ransa lokacin da yake cika rahoton ƙarya ba, sai abin da za ka iya kare kanka da shi a kotu.

Zulai Makaranciya:
Dakta, labarin da ka kawo ai nawa ne ba naka ba. Wanne ne ya kai mutane gaban alƙali, rahoton 1979 ko littafin 1992? Littafin bai sa an kama kowa ba. An karanta shi a jirgi da bakin teku an rufe.

Dakta Murtala:
Rahoton ma bai sa an ɗaure kowa ba.

Zulai Makaranciya:
Amma iyalansa sun san ba faɗuwa ya yi ba, duniya ma ta sani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tambayi Maman Hanifa.

Sadiq Mai Fim:
Ku bari in shigo da Michael Connelly, don shi ma daga kudancin Florida ya taso a aikin, kusan lokaci ɗaya. Ya yi labaran 'yan sanda a Fort Lauderdale, ya koma Los Angeles Times a 1987, ya fitar da The Black Echo a 1992, littafin ya ci Edgar, lambar yabo ta labaran laifi da bincike, a rukunin littafin farko. Shi tun farko bai ɓoye ba, ya shiga jarida ne don ya koyi yadda 'yan sandan ciki ke aiki ya rubuta littafi. Akwai abin da yake yawan ba da labari. An bar shi ya bi sashen binciken kisa na mako guda. Ya lura sajan ɗin da ke jagorantarsu in ya zo kan gawa sai ya tsuguna, ya cire tabarau, ya sa hannun tabaran a baki ya yi shiru. A ƙarshen mako, mutumin ya cire tabaran ya ajiye kan tebur don gajiya, sai Connelly ya ga haƙori ya yi rami a jikin robar. Ashe duk shirun nan cizawa yake yi. Connelly ya ce irin wannan ɗan ƙaramin abu shi ya zama jarinsa a rubutu. Daga nan Harry Bosch ya fito, mai bincike wanda aƙidarsa ita ce ko dai kowa yana da daraja ko ba mai ita. Ku gaya mini, wannan ba aƙidar Edna ba ce da take faɗa da editoci a kanta? Bosch ya kai ta ga miliyoyin mutanen da ba su taɓa riƙe Miami Herald ba, har talabijin.

Abban Walid:
Sadiq duk inda aka fara sai ka kai mu talabijin.

Sadiq Mai Fim:
To ita ma an yi fim biyu na talabijin a kanta, 1994 da 1995, Elizabeth Montgomery ce ta fito a matsayinta. Ka ga ban fita daga layi ba.

Barista Hadi:
Bambancin su biyun shi ne abin dubawa. Connelly marubuci ne da ya je makaranta a ofishin 'yan sanda, ya gama ya fita. Edna 'yar jarida ce har ƙashi, kuma ana gani a ƙagaggun nata. Littafinta na farko ma, a 1979, ba ƙage ba ne, labarin wani mai fyaɗe da kisa ne na gaske. A littattafan Britt Montero, inda suka fi daɗi shi ne inda Britt ke yawo daga ofishin 'yan sanda zuwa mutuware tana tsintar ƙananan labarai na ban mamaki, ko tana rigima da edita. In aka zo babban ƙullin labarin, wane ne ya yi kisan, nan ne ƙarfinta ke raguwa. Ni a wajena jimla ɗaya take da ita mai kaifi, ba shafi 300 ba.

Ummi Ɗaliba:
Amma Yaya Barista an sa littattafanta biyu a takarar Edgar fa, Nobody Lives Forever na 1990 da Miami, It's Murder.

Barista Hadi:
An sa su, ba su ci ba. Pulitzer kuwa ta ci.

Zulai Makaranciya:
Yawwa! Barista ya dawo gida.

Barista Hadi:
Ban dawo ba, Anti. Na ce ta fi iya jarida, ban ce jaridar tata ba ta da laifi ba.

Dakta Murtala:
Akwai abu ɗaya da ke damuna game da irin waɗannan littattafan gaba ɗaya, har na Connelly, kuma a nan ina ɗan karkata wajen Anti Zulai. A tsakiyar shekarun 1960 'yan sandan Amurka suna warware sama da kashi 90 cikin 100 na kisan kai a lissafinsu. Zuwa 2022 abin ya sauko kusan rabi. A littafi kuwa kusan kullum ana gano mai laifi kafin shafin ƙarshe. Wanda ya karanta guda hamsin zai ɗauka haka duniya take, cewa akwai wani mai bincike da ba ya barci saboda ɗan'uwansa. Tsohon ɗan jarida ya fi kowa sanin ba haka ba ne, kuma saboda ya san sunan kowace takarda da warin kowane ɗaki, ƙagensa ya fi na kowa kama da gaskiya. Ita Edna ba ta ɓoye ba, ta sha faɗa cewa daɗin ƙage shi ne ita ke da iko, tana iya kama mugu ta bar na kirki ya yi nasara, abin da rayuwa ta hana ta.

Maman Hanifa:
Dakta, mu da abin ya shafa ba ma ruɗuwa. Har yau ba a kama kowa ba a kan yayana. Ina karanta irin littattafan nan, kuma na san ƙage ne sarai. Kamar mai azumi ne da ke kallon hoton abinci, ya san ba zai ƙoshi ba, amma yana kallo.

Baba Tsohon Edita:
Wani abin da ba a taɓo ba shi ne kujerar da ta bari ma yanzu da wuya a same ta. A zamaninta jarida tana iya ajiye mutum ɗaya shekara goma sha a kan 'yan sanda, ya san kowane sajan da kowane ma'aikacin mutuware, har wani ya ɗauki waya ya tsegunta masa maganar babur. Wannan sanayya ba a yin ta a wata shida. Da intanet ta janye kuɗin talla, jaridun Amurka suka yi ta sallamar ma'aikata, Connelly ma ya rubuta littafi a 2009 da ya buɗe da sallamar ɗan jarida mai bin labaran laifi. Kuma ba su biyu kaɗai suka bi wannan hanya ba. John Sandford ya ci Pulitzer a shekara ɗaya da Edna, 1986, ya koma littafi. Laura Lippman ta bar Baltimore Sun. Saboda haka 'yata, ko da ta zauna, ban tabbata za a bar ta ta ci gaba da aiki yadda ta saba ba.

Zulai Makaranciya:
Baba, a 1988 ta tafi, intanet ba ta taɓa kowa ba tukuna. Da ta ƙara shekara goma cur kafin guguwar ta iso. Shekara goma a Miami gawa nawa ce?

Abban Walid:
Kin ga irinta ko? Ke lissafin gawa kike yi, ita kuma ita ce mai zuwa ta gan su.

Ummi Ɗaliba:
To ni da ban karanta ko ɗaya ba, da wanne zan fara?

Zulai Makaranciya:
The Corpse Had a Familiar Face, ƙanwata. In kin gama akwai na biyunsa, Never Let Them See You Cry, na 1992.

Dakta Murtala:
Ki karanta babin McDuffie a na farkon, sannan ki ɗauki Contents Under Pressure nan take kafin ki manta, ki zo ki gaya mana wanne ya fi hana ki barci.

Barista Hadi:
Ki nemi kuma dogon rubutun da Calvin Trillin ya yi a kanta a mujallar New Yorker a 1986, a can maganar kazar take. Ki karanta jimlar sau ɗaya a matsayin ɗaliba, ki sake karantawa a matsayin ƙanwar mamacin.

Ummi Ɗaliba:
Na gode. Jarrabawa zan gama tukuna, sai wata mai zuwa in Allah Ya yarda.